Sai Mai Fuska Ya Gani

Malamin makaranta na aura, ban auri ɗan talabijin ba. Da wannan nake fara amsa wa duk wadda ta ce mini na yi dace, wai ina auren mutumin da duk Kebbi ta san fuskarsa. Lokacin da aka kawo ni gidansa a Birnin Kebbi, yara yake koyarwa a firamare, abin hawansa keke, kuma ban da 'yan unguwa ba wanda ya san da zamansa. Abin da ya fi kowa iyawa tun a lokacin shi ne zama da mutane. In na aike shi sayen albasa, sai ya tsugunna gaban mai albasar, ba zai tashi ba sai ya san ƙauyen mutumin da yadda ruwa ya ci masa gona bara. Albasar kuwa sau da yawa a can yake manta ta, in koma in roƙa a maƙwabta.

Da aka buɗe gidan talabijin a garin, aka nemi masu gabatar da shiri da Hausa, abokansa suka zuga shi ya je, aka kuwa ɗauke shi. Sai dai akwai sauran magana a gida. Mahaifinsa malamin zaure ne, mai almajirai manya, kuma duk rayuwarsa hoton da ya yarda aka ɗauke shi shi ne na tafiya aikin hajji. Ya sa aka kira masa ɗan nasa. Ni ce na kai musu fura, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗan daɗe a bakin ƙofa.

Tsohon ya ce, "Wanga aiki da ka ka so, ba ni hana ka. Amma huskar mutum amana ta. Kada ka kai huskar kowa cikin gari sai mai ita ya gani da idonai, ya ce ya yarda."

Malam, haka nake kiran maigidana har yau, ya ce ya ji ya ɗauka. Ni a zatona magana ce irin ta uba da ɗa, a yi ta a zaure a bar ta a zaure. Ban san cewa a kaina za ta ƙare ba.

Shirin nasa ba shi da wani ado. Zai tafi ƙauye da mai ɗaukar hoto, ya sami manomin shinkafa a fadama, ko masunci, ko mai gyaran injin ban-ruwa, ya cire takalmi ya zauna inda mutumin yake zaune, ya yi tambaya ɗaya ya yi shiru. Shi ke tsara shirin, shi ke gabatarwa, shi ke zama kusa da mai haɗa hoto yana cewa a yanke nan, a bar can. Sauran ma'aikata daga nan suke miƙa kaset su tafi gida. Shi kuwa daga nan yake fara tafiya ta biyu, domin sai ya koma ƙauyen ya nuna wa mai fuska abin da aka haɗa kafin a sa. Ofis suka ce shi ya jiyo, su ba su da motar zuwa wuri ɗaya sau biyu, ba su kuma da talabijin ta aro.

Talabijin ɗaya ce a gidanmu, kuma tawa ce. Yayana ya kawo mini ita daga Sakkwato da na yi haihuwar fari, irin mai ƙusumbin nan mai nauyin buhun gero. Ita Malam yake naɗewa da zanena, ya ɗaure a bayan babur da roba, mai ɗaukar hoto ya ɗauki bidiyo da ƙaramin janareta a nasa, su kama hanyar Ambursa ko inda ta kama. Takan dawo mini da ƙaiƙayin shinkafa a cikin ramukan bayanta, wani lokaci tana warin hayaƙin banda. Akwai makon da aka sa shirinsa alhali talabijin ɗin tana ƙauye ana nuna na mako mai zuwa, sai a gidan maƙwabta na kalli mijina, matan gidan suna ta yi mini tsiya. Ranar bakina bai yi shiru ba. Na ce masa tun da amanar tasa ce, ya nemi abin da zai ɗauke ta da shi, ya sakar mini kayana. Ya ce, "Hajiya mai talabijin, a yi haƙuri," alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba a lokacin. Washegari ya sake naɗe ta.

In ya dawo yakan ba ni labarin abin da mutane suka ce a cire, kuma ba ya taɓa zama abin da ka zata. Wani manomi a Ambursa bai damu da yagaggen wandonsa ba, rumbunsa ne ya ce kada a nuna, don in dangin matarsa na birni suka ga ya cika, ya shiga uku. Wata mai turara shinkafa ta ce a sa muryarta da hannuwanta, fuskarta kuwa ta mijinta ce. Malam ya koma ofis ya sake haɗa shirin kaf a kan hannuwan matar nan, suna juya shinkafa a tukunya, suna shanya, suna sheƙa. Har yau tsofaffin masu kallo in suka gan shi a wurin biki, shirin hannuwan nan suke tuna masa. Abokan aikinsa suna yi masa dariya, suna cewa shi man babur zai ƙare wa, amma sun san ƙofofin da ake buɗe masa su ko sallama ba a amsa musu. Mutum yakan saki jiki ya faɗi abin da ke ransa in ya san za a dawo a tambaye shi.

A haka shekaru suka tafi. Muka tashi daga cikin gari muka koma unguwar Gesse, babur ya zama tsohuwar mota, kaset ya zama faifai, faifai ya zama ɗan abin da ake sakawa a aljihu. Shugabanni suka zo suka wuce, wasu suka so canza masa lokaci, masu kallo suka yi ca, aka mayar. Yaranmu suka girma suka saya mini talabijin irin ta bango, faffaɗa, ranar da aka kafa ta na tsaya a tsakiyar falo na yi shela cewa wannan ko Ambursa ba za ta sani ba. Tsohuwar mai ƙusumbi ta ci gaba da yawonta. Zamani kuma ya juya, kowa da waya a hannu, a ɗauki mutum yana cin abinci ko yana kuka a watsa shi duniya kafin ya goge baki. Malam in ya ga irin wannan sai ya kife wayar a kan tabarma, ya ce ko an tambayi mai ita.

Da lokacin ritayarsa ya matso, shugaban gidan talabijin na lokacin, wani matashi mai ladabi da yake kiransa Baba, ya ce a ba shi fili mai tsawo ya yi shirin bankwana yadda yake so. Malam ya san wanda yake so tun da daɗewa. Akwai wani tsohon masunci a Argungu da ya yi shekaru yana lallaɓa, tsohon yana ce masa shi ba ya magana da akwati, wato talabijin. A wannan karon ya yarda. Malam ya yi ta zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, wata rana ya dawo da yamma ya zauna ko hula bai cire ba, na ajiye masa abinci bai kalla ba.

Ya ce, "Hajiya, yau na samu abin da ni ka nema tun da nis shiga aikin ga."

Na tambaye shi mene ne, ya ce in jira mai shi ya gani tukuna. Haka ya faɗa wa shugaban nasa ma, ya ce akwai wani wuri a cikin shirin da duk wanda ya gani ba zai manta ba. Aka fara tallar shirin a talabijin, ana cewa a tara a ga bankwanan Malam. Ban taɓa ganinsa yana ɗokin aikinsa kamar wannan karon ba. Ya san shi ne na ƙarshe, yana so a tuna shi da shi, ni ma ina so.

Ana cikin haɗa shirin tsohon ya kwanta ciwo, kafin mako ya zagayo Allah ya karɓi abinsa. Bai ga fuskarsa ba.

Malam ya je jana'iza, ya koma gaisuwa. Babban ɗan tsohon, wanda shi ma ya manyanta, ya ce masa a sa shirin, su sun yarda, alfahari ne a gare su. Shugaban gidan talabijin ya ce to alhamdu lillahi, magaji ya ba da izini, magana ta ƙare. Ni ma haka na ce. Malam ya girgiza kai. Ya ce wurin nan da yake faɗa, a nan tsohon yake maganar matarsa. Ba ta fito a hoto ba ko sau ɗaya, amma duk wanda ya ji zai gan ta, don haka fuskar tata ce, ita za a tambaya. Ga shi tana takaba, ba ta fitowa, shi kuma ba muharraminta ba ne balle ya shiga ɗakinta ya zauna.

Ya ce, "Ke za ki shiga."

Na ce masa kayana bai ishe shi ba, yanzu ni ɗin ma zai naɗe da zane ya ɗaure a bayan babur. Na ce in tsohuwar ta ƙi fa, bayan an gama shelanta wa duniya? Ya ce in ta ƙi ta ƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga mutum zai ɗauki abin da ya fi so ya ajiye a hannun wadda ko talabijin ba ta kallo. Amma na san shi, kuma na ji abin da aka ce masa a zaure da kunnena. Ya jira har masu gaisuwa suka ragu. Ana gobe za mu tafi ya ambata cewa idon tsohuwar ya yi rauni, yana tunanin ko za ta ga wani abu a tsohuwar talabijin ɗin da hotonta ya fara dishi-dishi. Bai roƙe ni komai ba. Da safe ni da kaina na sa aka sauke ta bangon, na naɗe ta da bargo, na rungume ta a kujerar baya har Argungu.

Da hantsi muka isa. Gidan yana kusa da gulbi, homa da taru na kamun kifi a rataye a zaure, ga manyan gorunan da masunta suke kifawa su hau ruwa jingine a bango. Malam da babban ɗan suka zauna a zauren, aka tada janareta a waje, aka ja waya har ɗakin tsohuwar. Ya riga ya nuna mini inda zan danna. Na same ta a kan tabarma, 'yar ƙaramar mace, hannuwanta duk sun yi baƙi da hayaƙin banda na shekara da shekaru, 'yarta tana gefe. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, "Kunna mu gani, yarinya." Ina da jikoki a lokacin, amma na amsa.

Tsohon ya fito a allo yana zaune a jirginsa, yana gyara homa, yana ba da labarin yadda gulbin yake a da da yadda ya janye. Na zata kuka za ta yi. Sai ta matso kusa, ta ƙura ido, ta fara amsa masa kamar yana ɗakin. Da ya buɗe hannuwa yana kwatanta wani giwan ruwa da ya taɓa kamawa, ta ce, "Ƙarya shi kai. Ni nig gyara kihin nan, bai kai haka ba." 'Yarta ta yi dariya tana share hawaye, ni ma na saki jiki, na ce a raina aiki ya yi kyau.

Can sai na ji muryar mijina daga gefen hoton, a hankali yadda ya saba, yana tambayar tsohon cewa cikin duk abin da ruwan nan ya ba shi, me ya fi. Tsohon ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na zaci abin ne ya tsaya, ashe Malam ne ya bar shi yadda yake bai yanke ba. Sai tsohon ya ajiye homar, ya kalli ruwa, ya kira sunan matarsa. Daga nan ya yi maganarta. Ba doguwa ba ce, ba kuma irin ta masu iya baki ba ce. Ni da ba ni aka yi wa ba, sai da na gane abin da ya hana mijina cin abinci ranar nan.

Tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafinta. Da wurin ya wuce ta ce in mayar. Na yi ta lalube a jikin rimot har na samu. Ta sake ji. Ta ce wa 'yarta ta je ta duba tukunya, sannan ta ce in ƙara mayarwa. Ta saurara har ya ƙare. Ta ce mini tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa kiran sunanta tana ji ba, kunya irin ta mutanen da.

Ta ce, "Yarinya, mutum nawa za su ga wanga?"

Na ce, "Inna, duk Kabi, har da gaba."

Ta ce, "Kihin da jirgin da gulbin, ku kai ma mutane, nasu na. Wanga kau ni yay yi ma shi. Tun ina yarinya ni ka jiran shi. In kunka sa shi, gobe sunana na bakin kowa cikin kasuwa. Ku ɗebe shi, ku bar mini abina."

Na zo da magana a shirye. Zan ce mata wannan ne aikin mijina na ƙarshe, an riga an yi shela, wannan wurin shi ne ran shirin, in aka cire shi saura labarin kifi. Na iya roƙo, na kuma san da na matsa za ta ji kunyata ta ce to. Na buɗe baki, sai na ga ta miƙa hannu tana shafa gefen allon, inda hoton ya tsaya a kan fuskar tsohon. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Inna."

Na fito zaure. Malam ya kalli fuskata kawai ya gane. Na ce, "Ta ce a ɗebe." Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Babban ɗan ya miƙe a fusace, wai zai shiga ya yi wa tsohuwa bayani, ba ta san darajar abin ba ne. Malam ya riƙe masa hannun riga, ya ce, "Zamna. Ba kai anka yi ma maganar ba." Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ta ji shi da kyau? Ƙarar injin ba ta hana ta ba?"

Na ce ta ji, ta sake ji, ta kuma sake.

Ya ce, "To, ya kai inda za shi."

Muka dawo Birnin Kebbi. Da hannunsa ya yanke wurin. Ya sa aka zuba shi a wayar 'yar tsohuwar, ya tabbatar yana buɗewa, sannan ya goge nasa, ya sa mai haɗa hoto ya goge na ofis yana tsaye. Shugaban ya tambaye shi ina abin da ya ce ba za a manta ba, ya ce mai shi ta karɓi abinta.

Aka sa shirin. Shiri ne mai kyau, amma ba wanda aka yi wa mutane alkawari ba. Wasu suka yaba don girmamawa, wasu suka ce dama an tsufa, hannu ya yi sanyi, har a kunnena aka faɗa a gidan suna. Abin ya yi masa ciwo, na sani, don na ga yadda ya daina tambayar baƙi ko sun kalla. Ni kuwa ban taɓa jin girman mijina a raina kamar a kwanakin nan ba. An ba shi takardun yabo a rayuwarsa, suna nan jere a bango, amma ni ranar zauren Argungu nake tunawa in aka ce aikinsa.

Akwai abin da na tsallake. Kafin a sa shirin, ya zaunar da ni a falo ya ce akwai sauran mutum ɗaya da bai gani ba. Ya kunna ƙarshen, sai ga shi yana kallon kyamara yana gode wa masu kallo, daga nan ya ce akwai wata mata a Gesse da ta yi shekaru tana kallon mijinta a gidan maƙwabta don talabijin ɗinta tana ƙauye, duk wanda ya taɓa ganin kansa kafin gari ya gan shi, ita zai gode wa. Ya tsayar da hoton, ya ce, "A sa, ko a ɗebe?" Na ce masa ni ba matar masunci ba ce, ya sa shi, ya kuma ƙara murya yadda maƙwabtan nan za su ji da kyau.

Har yau ana tambayata abin da tsohon ya ce. 'Ya'yana mata sun yi dabara iri-iri, wata har da kawo mini turare. Ban faɗa musu ba, a nan ma ba zan rubuta ba. Tsohuwar tana nan da ranta, idon ya ƙara rauni, amma 'yarta ta ce kunnen lafiya lau, takan sa a kunna mata wayar in gida ya yi shiru. In hanya ta kai ni Argungu nakan shiga in gaishe ta, ta sa a ƙunsa mini busasshen kifi, ta ce in gaida mai akwati. Ni da ita ba mu taɓa tada maganar ba.